Gasar Ƙarfin Kwamfuta Tsakanin 'Yan Aikin Gayya

Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a zaman lacca na ƙungiyar ɗalibai



Da farko ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama in tsaya gabanku, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni sani a cikin wannan ɗaki. Batun da zan yi magana a kai shi ne wata irin gasa da aka fara tun shekarar 1996, wadda ba a yin ta a fili, ba ta da alƙali mai usur, kuma galibin masu yin ta ba su taɓa ganin fuskokin juna ba. Gasa ce ta mutanen da ke ba da aron kwamfutocinsu na gida kyauta domin a yi wa masana kimiyya lissafi da su, sa'an nan su koma gefe suna gardama a kan ta wa ta fi ta wani ƙarfi. Nufina shi ne in bayyana yadda suke auna wannan ƙarfi, da kuma inda ma'aunin ke yaudararsu, domin irin wannan yaudara ce za ta tarye mu ran da aka ɗora mana alhakin sayen na'urori a ma'aikatun da za mu je.

Kowa a nan ya san aikin gayya. Idan gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya gayyato samarin gari, a raba musu kunyoyi, kowa ya duƙa a kan tasa. To, haka al'amarin yake. Akwai lissafin da in aka bar wa kwamfuta guda sai ta shekara dubbai ba ta gama ba, amma ana iya yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ta yadda kowane yanki bai dogara da ɗan'uwansa ba. Masu shirin sukan ajiye babbar kwamfuta mai rabon aiki. Kai kuma mai sa kai ka ɗora wata 'yar manhaja a kan taka, ita ce za ta karɓo ƙunshin aiki ta intanet, ta yi ta lissafi a lokacin da ba ka amfani da na'urar, in ta gama ta mayar da amsa ta karɓo wani ƙunshin. Ba a biyan ka ko anini. Abin da kawai kake samu shi ne maki, da sunanka a jikin wani dogon jadawali da ke nuna wanda ke gaba da wanda ke baya.

Wanda ya fara buɗe wannan fage sosai shi ne George Woltman, wani mai rubuta manhaja a Amurka, wanda ya kafa shirin GIMPS a 1996. Abin da suke nema shi ne lambar da ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da ita kanta, kamar 7 da 13 da 31. Bari mu kira ta gagara-rabo. A cikin irin waɗannan lambobi akwai wani jinsi da ake dangantawa da Marin Mersenne, wani malamin Kirista Bafaranshe da ya rasu a 1648, watau a yi ta ninka 2 da kanta sau kaza, sa'an nan a cire ɗaya. Misali, 2 sau biyar a jere ta ba da 32, a cire ɗaya saura 31. A watan Nuwamba na shekarar da aka fara, kwamfutar wani ɗan shirin a Faransa ta gano irin wannan lamba mai jerin alƙaluma 420,921.

Shekara guda bayan haka sai ga shirin distributed.net. Wani kamfanin Amurka mai suna RSA ya kulle wani gajeren saƙo da rubutun sirri, ya ce wanda duk ya gano mabuɗinsa yana da dala 10,000. Babu wata dabara illa a yi ta gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuwa yawansu ya haura tiriliyan dubu 72. 'Yan gayya suka raba su tsakaninsu, suka sami mabuɗin a watan Oktoba na 1997 bayan kwana 250. Suka kama na gaba, wanda ya ninka na farko sau 256, shi kuwa sai da ya ci musu kwana 1,757, aka same shi a Yulin 2002, da hannun mutane fiye da dubu 330.

A nan ne gasar ta fara kankama, domin ma'aunin a bayyane yake. Kowane mabuɗi daidai yake da ɗan'uwansa wajen wahala, saboda haka tambaya ɗaya ce: mabuɗi nawa kwamfutarka ke gwadawa cikin sakan guda? Kuma a nan ne 'yan gasar suka fara cin karo da abin mamaki. A zamanin, in mutum zai sayi kwamfuta, abin da yake dubawa shi ne bugun agogon ƙwaƙwalwarta, watau furosesa, wanda ake ƙirgawa da megahaz ko jigahaz. Kowa ya ɗauka mai yawan bugu ita ce mai ƙarfi. Sai aka wayi gari furosesar G4 ta kwamfutocin Apple, wadda bugunta bai wuce wajen rabin na Pentium 4 ta kamfanin Intel ba, tana barin ta a baya wajen gwada mabuɗai. Dalili kuwa, wannan aiki ya dogara ƙwarai da wani irin juya lambobi wanda G4 ke yi wa da yawa a bugu ɗaya, ita kuwa Pentium 4 tana da nawa a wajensa. Amma fa ku saurari sauran labarin. Wannan Pentium 4 ɗin da aka raina, in aka kai ta wajen neman gagara-rabo a shirin GIMPS, ita ce gwanar fage a lokacinta, domin can lissafin wani iri ne dabam wanda ya dace da ƙirarta. Na'ura ɗaya, a wannan gona ita ce kurar baya, a waccan kuwa ita ce sarkin noma.

Shirin da ya shigar da wannan al'amari gidajen talakawan duniya shi ne SETI@home, wanda Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe ran 17 ga Mayu, 1999. A lokacin akwai wani ƙaton faifan sauraron sararin samaniya a Arecibo, cikin tsibirin Puerto Rico, mai faɗin mita 305. Sai a ɗebo abin da ya jiyo, a yayyanka shi tsawon sakan 107 kowane ƙunshi, a aika wa jama'a su tace, ko za a dace da wata alama da ke nuna akwai wasu halittu masu hankali a wata duniyar. Mutane fiye da miliyan biyar suka shiga. Ma'aunin gasar a nan shi ne yawan ƙunshin da ka mayar, kowane ƙunshi maki ɗaya. Sai matsala ta ɓullo, domin wani ƙunshin ya fi wani cin lokaci, don haka wasu suka riƙa zubar da masu wuya suna zaɓen masu sauƙi. Waɗansu suka yi wa manhajar kwaskwarima don ta yi sauri, ba tare da tabbacin amsarta na nan daidai ba. Waɗansu kuma suka tsallaka iyaka gaba ɗaya, suna mayar da amsa ɗaya sau da yawa don makinsu ya hau. Ku duba fa, jama'a, wannan maki ko ƙosai ba ya saye, amma ga manyan mutane masu iyali suna maguɗi saboda shi.

Wannan na cikin dalilan da suka sa David Anderson, shugaban shirin, ya ƙirƙiro tsarin BOINC a 2002, watau manhaja guda wadda shirye-shirye da yawa za su iya hawa kanta. Maganin maguɗin da aka kawo mai sauƙin fahimta ne: a aika ƙunshi ɗaya ga mutum biyu ko fiye waɗanda ba su san juna ba, kuma ba a ba kowa maki sai amsoshin sun yi daidai. An kuma yi ƙoƙarin samar da mudu ɗaya na kowa da kowa. Aka ce a ɗauki wata kwamfuta ta misali mai yin lissafi biliyan ɗaya cikin sakan, a bisa wani tsohon gwaji da ake kira Whetstone wanda aka tsara a Ingila tun 1972. In ta yi aiki kwana guda cur, dare da rana, tana da maki 200. In kun buga lissafin za ku ga maki ɗaya na nufin lissafi biliyan 432 ke nan. Bayan jimillar makin da mutum ya tara tun farkon shigarsa, akwai kuma wani adadi na biyu mai nuna ƙwazonsa na kwanan nan, wanda ke raguwa da rabi duk mako in ya daina aiki. Da wannan na biyun ake gane wanda har yanzu ke cikin fage da wanda ke cin tsohon suna.

A takarda tsarin ya yi kyau. Amma duk wanda ya taɓa auno hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba, ko da sunansu ɗaya. Kowane shiri shi ke yanke makin da zai bayar a kan ƙunshinsa, ga shi kuwa shirye-shiryen suna neman 'yan gayya ɗaya ne, sai ya zamana wani ya fi wani sakin hannu. Kwamfuta ɗaya tana iya yin kwana guda a wannan shiri ta sami maki kaɗan, ta koma wancan ta sami ninkin-ba-ninkinsa, alhali ƙarfinta bai ƙaru da komai ba. An sake fasalin rabon makin a 2010 da nufin daidaita shi, amma gardamar ba ta mutu ba. Saboda haka idan mutum ya bugi ƙirji ya ce yana da maki miliyan dubu, 'yan'uwansa ba sa jinjina masa sai sun tambaye shi a wace gona ya same su.

Yanzu bari in zo kan ma'aunin da ya fi kowanne yawo a bakin mutane, wanda kuma a ganina ya fi kowanne ruɗarwa. Shi ne wanda ake kira fulofs, watau yawan lissafin lambobi masu ɗigo da na'ura ke yi cikin sakan guda. In tiriliyan ɗaya ne a ce terafulofs, in tiriliyan dubu ne a ce petafulofs, in kuwa biliyan sau biliyan ne a ce eksafulofs. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne lissafin iri biyu ne. Akwai na ƙaramin awo, inda na'ura ke riƙe alƙaluma kamar bakwai na kowace lamba, akwai kuma na babban awo, inda take riƙe kamar goma sha shida. Ɗauki katin hoto na RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 domin masu wasannin kwamfuta. A ƙaramin awo yana yin kimanin terafulofs 83, a babban awo kuwa ɗaya ne da 'yan kai, domin da gangan aka ƙera shi ya yi kashi ɗaya cikin 64 kawai. Katin Radeon VII na kamfanin AMD, wanda ya girme shi da shekara uku, bai kai terafulofs 14 ba a ƙaramin awo, amma a babban awo ya haura uku. To, wanne ya fi ƙarfi? A aikin da ƙaramin awo ya wadatar, sabon ya yi wa tsohon fintinkau. A aikin da ke bukatar babban awo kuwa, kamar taswirar taurari da shirin MilkyWay@home ya daɗe yana bai wa katunan hoto, tsoffin katunan AMD ne suka riƙe kambi shekara da shekaru, har 'yan gasa na bin kasuwar gwanjo suna nemansu.

Haka nan in muka waiwaya baya. Kwamfutar ASCI Red ta gwamnatin Amurka, wadda ta cika ƙaton ɗaki, ita ce ta fi kowace sauri a duniya a 1997, da terafulofs ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Mai son burge jama'a sai ya ce katin da ke ɗakin wani yaro a yau ya ninka ta kusan sau tamanin. Mai son gaskiya kuwa zai ce ita da babban awo aka auna ta, kuma a wannan awo kusan kunnen doki suka yi. Ko hakan ma abin al'ajabi ne, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Shirin da ya fi shahara da wannan magana ta fulofs shi ne Folding@home, wanda Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford a Oktoban 2000. Aikinsa shi ne kwaikwayon yadda sinadarin furotin ke naɗewa da motsawa a jikin ɗan Adam, domin in naɗin ya karkace yakan jawo cututtuka irin su cutar mantuwa ta Alzheimer. A Maris na 2007 aka ba masu na'urar wasa ta PlayStation 3 damar shiga, kafin ƙarshen Satumba shirin ya haura petafulofs ɗaya, ya shiga kundin Guinness, alhali babbar kwamfuta guda ba ta kai wannan matsayi ba sai Roadrunner ta kamfanin IBM a 2008. Sa'an nan da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, masu sa kai suka tashi daga kimanin dubu 30 zuwa na'urori fiye da miliyan ɗaya. A ƙarshen Maris shirin ya haura eksafulofs ɗaya, a Afrilu ya kai 2.4. Kwamfutar Summit, wadda ita ce ta ɗaya a duniya a lokacin, petafulofs 148 da ɗoriya aka auna mata. Jaridu suka ɗauka cewa 'yan gayya sun fi manyan kwamfutoci 500 na duniya in an haɗa su wuri ɗaya.

Ni dai ina ganin wannan kwatanci yana bukatar taka-tsantsan. Ita Summit da babban awo aka auna ta, a kan wani gwaji guda mai suna LINPACK, inda tilas dukkan sassanta su riƙa musayar bayani da juna cikin ƙiftawar ido. Adadin 'yan gayya kuwa ƙiyasi ne da aka tattaro daga na'urori iri-iri masu aiki galibi da ƙaramin awo, waɗanda kuma ba sa magana da juna ko kaɗan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma a aikin da ke rabuwa. Samari ɗari suna iya nome gona a wuni ɗaya, amma in rijiya ɗaya za a haƙa, mutum ɗaya ko biyu ne ke iya shiga ramin, sauran sai kallo. Wannan bai rage darajar abin da aka yi ba. Masanan shirin, a ƙarƙashin Greg Bowman, sun buga sakamakonsu a mujallar Nature Chemistry a 2021, inda suka nuna wurare fiye da hamsin a jikin furotin ɗin ƙwayar cutar waɗanda a da suke ɓoye, waɗanda kuma mai haɗa magani zai iya auna su. Wannan shi ne amfanin gonar. Sai da aka kai 2022 kafin kwamfuta guda, mai suna Frontier, ta haura eksafulofs ɗaya a gwajin LINPACK.

Akwai wata dabara a makin Folding@home da ta cancanci a ambata. Tun da yake ƙunshi na gaba yakan dogara da amsar na baya, masanan sun fi son a mayar da aiki da wuri. Don haka suka sa garaɓasa ga mai saurin mayarwa, ta yadda katin da ya ninka wani sauri sau biyu yana samun maki fiye da ninki biyu. Ma'ana, makin ya tashi daga ma'aunin ƙarfi zalla, ya koma wata hanya ta karkata halayen 'yan gayya zuwa inda masu gona ke so. Wanda ya ɗauki makin kwana guda na katuna biyu ya raba don ya san bambancin ƙarfinsu, lissafinsa zai zarce gaskiya.

To, shin wannan gasa alheri ce ko ɓata lokaci? Makaɗin gayya ba ya riƙe fartanya, amma duk manomi ya san abin da gangarsa ke ƙarawa a gona. Haka jadawalin maki yake. Shi ne ke riƙe mutum shekara goma yana biyan kuɗin lantarki saboda binciken da ba zai taɓa ganin sunansa a kai ba. An kafa ƙungiyoyi na ƙasa-ƙasa, irin su SETI.Germany ta Jamus, da L'Alliance Francophone ta masu jin Faransanci, da Dutch Power Cows ta Holan, kuma tun 2010 ƙungiyar Jamus ɗin ta fara shirya wata gasa mai fanni biyar a watan Mayu. Gasar ta kuma haifar da ilmi na gaske a kan na'urorin kansu. Manhajar Prime95 ta GIMPS tana matsa wa furosesa lamba har ya zamana masu gyara da masu haɗa kwamfuta da ita suke gwada lafiyar sabuwar na'ura. Masu amfani da ita ne suka gano furosesoshin Skylake na Intel suna sandarewa a kan wani lissafi na musamman, a farkon 2016 kuma kamfanin ya amsa, ya fitar da gyara.

Amma gangar da ke sa ƙwazo ita ce kuma ke sa wani ya tsallake ciyawa don ya riga kowa kai ƙarshen kunya. Akwai al'adar da 'yan gasa ke yi, su ɗebo aiki mai yawa kafin ranar buɗe gasa, su gama shi su ɓoye, sai an buɗe su sako shi gaba ɗaya. Makinsu ya yi tsalle, amma masanin da ke jiran amsa ya yi ta jira, kwamfutar rabon aiki kuma wani lokaci ta durƙushe saboda nauyi. Mafi muni, kuma nan nake roƙon ma'aikatan da ke cikinmu su buɗe kunne, shi ne ɗora manhajar a kan kwamfutocin ofis ba da izini ba. Wani mai kula da kwamfutoci a wata kwaleji a jihar Jojiya ta Amurka ya yi haka da distributed.net, ya rasa aikinsa, aka gurfanar da shi, daga ƙarshe a 2002 aka daidaita a kan ya biya dala 2,100 tare da zaman gwaji na shekara guda. A 2009 wani jami'in makarantun wata gunduma a jihar Arizona, wanda ya daɗe a sahun gaba a jadawalin SETI@home, ya bar aikinsa bayan an gano ya ɗora manhajar a kan dubban kwamfutocin makarantu, hukumar kuma ta ce asarar ta haura dala miliyan ɗaya. Niyyar kirki ba ta mayar da kayan hukuma naka.

Wani abin da jadawali ba ya iya aunawa shi ne rabo. A 2010 shirin Einstein@Home ya sanar da gano wani mataccen tauraro mai juyawa sau 41 cikin sakan guda, kuma kwamfutocin da suka tsinto shi na wasu ma'aurata ne a jihar Iowa da wani mutum a Jamus. A Disambar 2017 gagara-rabo mai alƙaluma 23,249,425 ta fito ne daga wata kwamfuta ta yau da kullum a wata majami'a a jihar Tennessee, bayan kwana shida tana lissafi, mai kula da ita kuwa ya shekara goma sha huɗu yana nema. Sai dai wannan zamani yana neman wucewa. A Oktoban 2024 wani tsohon ma'aikacin Nvidia ya yi hayar dubban manyan katuna a rumbunan kwamfuta na ƙasashe 17, ya gano wadda ta zarce duk waɗanda aka sani kafin ta, mai alƙaluma 41,024,320. Rahotanni sun ce ya kashe kusan dala miliyan biyu, ladan da GIMPS ke bayarwa kuwa dala 3,000 ne. Da wannan aka kawo ƙarshen shekara 28 da kwamfutocin gida suka yi suna riƙe da wannan kambi. Ba na ganin laifinsa, kuɗinsa ne kuma lambar gaskiya ce, amma wanda ya zo gayya da tarakta ya sauya ma'anar gasar ga masu fartanya. Shi kuwa SETI@home ya daina rabon aiki ran 31 ga Maris, 2020, faifan Arecibo ya rushe a Disambar wannan shekara, kuma ba a tabbatar da jin muryar kowa daga sama ba.

Ina muka tsaya mu a cikin wannan? Wasu daga cikin ayyukan sun shafe mu kai tsaye. Daga 2006 zuwa 2016 cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan ta gudanar da shirin malariacontrol.net, inda kwamfutocin 'yan gayya suka riƙa kwaikwayon yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro, don a gane wace hanya ta fi rage shi, gidan sauro ko feshi ko rigakafi. Shirin World Community Grid, wanda IBM ya kafa a 2004, ya yi aiki a kan cutar Ebola daga 2014, sa'an nan a 2019 ya fara wani aiki tare da Jami'ar Delft ta Holan na kwaikwayon saukar ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, domin amfanin ƙananan manoma. Watau cutarmu ce da damunarmu ake lissafawa a ɗakunan mutanen da ba su taɓa jin kukan sauro a kunne ba.

Amma kafin wani ya yi zumuɗin shiga sahun gaba, bari mu buga lissafi. Katin RTX 4090 yana jan wutar da ta kai wat 450 in yana cikakken aiki. A kwana guda yunit 10.8 ke nan, a wata kuwa yunit 324, ban da abin da sauran sassan kwamfutar ke ci. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu layin da ake kira Band A a Nijeriya, ko da yake an ɗan rage daga baya. A wannan farashi kati ɗaya zai ci naira 72,900 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin wannan shekara naira 70,000 ne. Ga kuma zafi. Na'ura in ta ɗumama fiye da kima da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, don haka katin da ya yi abin kirki a ɗaki mai sanyi a Jamus ba zai ba da wannan adadi ba a Sakkwato cikin watan Afrilu, balle in ƙurar hunturu ta toshe masa fanka. In kuma wuta ta ɗauke kwana biyu, ƙunshin da aka ba ka yana da wa'adi, in ya wuce a ba wani.

Saboda haka ma'aunin da ya dace da mu shi ne wanda ƙwararrun 'yan gasar da kansu suka koma kansa da lantarki ya yi tsada a Turai, watau aiki nawa na'ura ke yi a kan kowane yunit na wuta. Da yawansu sukan rage wa katin wutar da yake ja da kusan kashi ɗaya cikin uku, su tarar saurin da suka rasa kaɗan ne. Tun 2013 kuma akwai BOINC ta wayoyin Android, wadda ake iya saita ta kada ta yi aiki sai waya na jikin caji kuma batirinta ya kusa cika. Idan ƙungiyarmu na da sha'awar kafa rukuni da sunan ɗalibai, shawarata ita ce a fara neman izinin hukumar jami'a a rubuce kafin a taɓa kwamfuta ko ɗaya ta ɗakin karatu, a zaɓi shiri guda a tsaya a kansa domin makinmu ya kwatantu da na wasu, a kuma sa mita a ga abin da ake ci a mako na farko kafin a ƙara na'ura ta biyu.

Shugaba, na ga an ɗaga mini hannu, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.